Me ya sa Jos ta fi Kano sanyi alhali ta fi kusa da rana?

"Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Gumel, ina koyar da 'yan aji shida. Rannan wani yaro ya ƙure ni a aji. Ya ce tunda rana ce ke kawo zafi, me ya sa ake cewa Jos ta fi nan sanyi, bayan ita tana kan dutse, ta fi mu kusa da ranar? Na ce masa sai gobe, har yau goben ba ta yi ba. Ni ma ina da tawa: me ya sa da hunturu rana takan yi zafi da azahar amma da asuba ruwan alwala ya gagara taɓuwa, sannan da bazara har ƙarfe biyun dare mutum yana gumi, alhali rana ta daɗe da faɗuwa? Ina zafin yake zuwa, daga ina kuma yake fitowa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yaron nan albarka, kai ma Allah ya saka maka da ba ka rufe masa baki da tsawa ba. Tambayarsa da taka uwarsu ɗaya: ta wace hanya zafi yake shiga iska, ta wace hanya yake yawo a cikinta, ta ina kuma yake ficewa. Na yi shekaru ina karanta ma'aunai a tashar duba yanayi kafin in koma aji, kuma yawancin abin da zan faɗa maka a filin tashar na gane shi, bayan na daɗe da haddace shi a littafi.

Mu fara sallamar maganar kusanci, don ba ta da nauyi. Tsakaninmu da rana akwai wajen kilomita miliyan 150. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga bakin teku, Kano kuma ba ta cika mita 500 ba. Ratar ke nan ba ta kai kilomita ɗaya ba. Wanda zai tafi Makka a ƙasa, in ya ɗaga ƙafa sau ɗaya, ya fi rage tafiyarsa a kan yadda mutumin Jos ya rage nisansa da rana. Ga kuma abin da zai ba yaron mamaki: a farkon Janairu ne duniya take fi kusantar rana, wajen kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, wajen miliyan 152. Wato lokacin da muka fi kusa da ita da kilomita miliyan 5, shi ne lokacin da muke ƙudundune a bakin wuta.

Daga ƙasa ake dafa iska

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, hasken rana yana ratsa iska ya wuce ba tare da ya ɗumama ta sosai ba, kamar yadda yake ratsa gilashin taga. In ka kasa hasken da ke iso wa duniya kashi 100, wajen kashi 30 girgije da ƙura da farin rairayi da ƙanƙara ne suke mayar da shi sama yadda ya zo. Kashi 20 da 'yan kai iska da girgije suke sha. Sauran, kusan rabi, ƙasa da teku ne suke shanyewa. Ƙasa ce take fara yin zafi, sannan ita ta ba iska. Iskarmu tukunya ce a kan murhu, wutarta daga gindi take.

Ƙasa tana miƙa wannan zafi ta hanyoyi dabam-dabam, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Mafi rauni ita ce ta taɓawa, irin yadda zafi ke bin cokalin ƙarfe daga miya zuwa hannu. Iska raguwa ce wajen wannan. Shi ya sa bargo yake aiki: ba shi da wuta a jikinsa, iska ce kawai ya tsare a tsakanin zarensa, ita kuma ta ƙi miƙa ɗumin jikinka waje. Haka jinka, haka rigar sanyi. To iskar da ke manne da ƙasa, 'yar siririya, ita kaɗai take samun zafi ta taɓawa, amma tana samun sa da gaske. Da azahar a watan Afrilu rairayi yakan ƙona tafin ƙafa, ya wuce abin da rediyo ya faɗa nesa ba kusa ba. Kawalwalniyar da kake gani a kan kwalta, kamar ruwa ya kwanta a gaba, wannan siririyar iska mai tsananin zafi ce take tanƙwara haske. Saboda haka ne a tasha ba ma ajiye ma'aunin zafi a ƙasa ko a rana. Cikin wani farin akwatin katako mai tagogi ake sa shi, a inuwa, iska na shiga tana fita, a tsayin da ke tsakanin mita ɗaya da kwata zuwa mita biyu. Ina sabon shiga na taɓa barin ƙofar akwatin a buɗe da hantsi, na rubuta adadin da ya sa wanda nake aiki a ƙarƙashinsa ya tambaye ni ko gobara aka yi a filin.

Hanya ta biyu ita ce mai aikin gaske da rana. Iskar da ta yi zafi takan buɗe, ta yi sako-sako, ta fi ta kusa da ita rashin nauyi, sai ta tashi, mai sanyi ta gangaro ta maye gurbinta, ita ma ta sha zafi ta tashi. Dubi kunu yana tafasa, ka ga hoton abin. Ba a ganin iskar, amma ana ganin masu hawanta. Shirwa da ungulu da ke kewaya a sama da hantsi ba tare da sun kaɗa fiffike ba, a kan wannan iska mai tashi suke zaune, kuma da wuya ka gan su suna haka da sassafe, don murhun bai kama ba tukuna. Guguwar da ke murɗawa a fili da rani tana ɗaukar leda da karmami, wadda aka hana mu shiga muna yara, ita ma iska ce mai zafi da ta samu hanyar tashi a gaggauce ta juya. Wanda ya taɓa sauka a jirgi a Kano ko Sakkwato da la'asar a bazara ya san girgizar da ake sha kafin a taɓa ƙasa. Jirgin safe ba ya yin haka.

Yanzu ga amsar yaron. Iska tana da nauyi, ta sama tana danne ta ƙasa. Duk iskar da ta tashi, nauyin da ke kanta yana raguwa, sai ta ƙara buɗewa, kuma buɗewar nan da ƙarfin zafinta take yin ta, don haka sai ta huce. Ka kai shi wurin mai faci ya gani da hannunsa. In ana bugun famfon keke, gindin famfon yakan yi zafi, domin ana matse iska. In aka danna bawul iska ta fito da ƙarfi, za ka ji ta da sanyi a yatsa, domin ta samu sarari ta buɗe. Busasshiyar iska in tana tashi takan rasa kusan digiri 10 a kowace kilomita. In aka haɗa da mai laima aka ɗauki matsakaici, abin yakan tsaya wajen digiri 6 da rabi a kilomita. Lissafa ratar Kano da Jos, mita 700 da wani abu, za ka samu kusan digiri 5. Shi ya sa dankalin Turawa yake jin daɗin Filato, shi ya sa kuma ake noman ganyen shayi a tsaunin Mambila a Taraba, wanda ya ma fi Jos tudu. Jirgin da ke tafe a kilomita 10 ko 11 a sama, sanyin da ke wajen tagarsa yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili ko fiye, ga shi kuwa rana tana dukansa babu inuwa.

Yaro mai kaifi zai ce: ai ƙasar Jos ma rana tana dukanta, me ya hana ta dafa tata iskar? Tana dafawa, kuma ranar Jos tana da cizo a fata. Sai dai iska ba ta zama wuri ɗaya. Wadda ke kan tudun kullum tana cuɗanya da iskar da ke kewaye da shi a wannan tsayi, wadda ta riga ta buɗe ta huce. Ga shi kuma Jos ta fi Kano girgije da ruwan sama, wanda ya kawo mu ga babban ɗan dakon zafi.

Ruwa ne ɗan dako

In za a tambaye ni abu ɗaya da ya kamata malamin makaranta ya riƙe a wannan fanni, ruwa zan ce. Kafin ruwa ya zama tururi sai ya sha zafi mai yawan gaske. Zafin da zai ƙafar da lita ɗaya ta ruwa ƙaf ya ninka fiye da sau biyar wanda zai ɗauke ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Wannan zafin ba ya ɓacewa, yana nan ɓoye a cikin tururin, ma'auni ba ya ganinsa. Iyayenmu mata sun san aikin tun kafin a ba shi suna. Randa tana tsattsafo ta jikinta, ruwan da ya fito yana bushewa, yana tafiya da zafin na ciki. Gumi ma haka yake yi wa jiki. A kan wannan ne wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Tururin nan in ya hau sama tare da iska mai tashi, ya isa inda sanyi ya kama shi, sai ya koma ɗigon ruwa, shi ne girgije. A nan yake sauke kayan da ya ɗauko. Zafin da ya sha a gona ko a teku yana sakinsa a can sama, iskar wurin ta ƙara ɗumi, ta ƙara tashi, ta jawo wata daga ƙasa. Haka hadari yake ciyar da kansa har ya yi toroƙo ya kai kilomita 15 ko fiye, kansa ya baje kamar maƙera. Idan aka auna a duniya baki ɗaya, zafin da tururi ke kwashewa daga ƙasa ya ninka wanda busasshiyar iska mai tashi ke kwashewa sau da yawa. Iskar nan mai sanyi da ƙura da ke riga ruwa isowa, wadda ke sa a ruga kwashe shanya, daga cikin hadarin ta gangaro: ruwan da ke zuba ya bushe a cikinta, ya sanyaya ta, ta yi nauyi ta faɗo ta bazu.

Ga hujjar da nake ba ɗalibaina. A Kano rana tana tsayawa daidai tsakiyar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta. Ranar ita ce dai, tsayinta kuma ɗaya. A Afrilu ma'auni yana haura digiri 40, a Agusta kuwa da ƙyar yake wuce 30. A Afrilu ƙasa a bushe take ƙamas, duk abin da ta sha iska take juye wa. A Agusta girgije ya tare wani kaso tun daga sama, abin da ya iso kuma ya tarar da jiƙaƙƙiyar ƙasa da gero da dawa suna fitar da ruwa ta ganye, sai ya ƙare a busar da ruwa.

Daren hunturu da daren bazara

Saura hanya guda, ita ce ta taka tambayar. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da huci, wani irin haske da ido ba ya gani. Shi kake ji a fuska in ka zauna gefen garwashi, ko ka bi ta jikin katangar siminti bayan magariba. Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya gano wannan haske a 1800, da ya sa ma'aunin zafi a gefen jan launi inda ido ba ya ganin komai, ya ga ma'aunin ya hau. Ƙasa tana fitar da wannan huci dare da rana. Da rana abin da ke shigowa ya fi abin da ke fita, har zuwa wajen ƙarfe uku, shi ya sa zafi ya fi tsanani bayan azahar maimakon tsakar rana. Da dare kuwa babu shiga sai fita, ƙasa na ta hucewa har gari ya waye. Mafi ƙarancin adadin da muke rubutawa a tasha kusan kullum dab da fitowar rana ne, wato daidai lokacin da kake fama da ruwan alwalar nan.

Abin tambaya shi ne me ke tare hucin a hanya. Naitirojin da oksijin, waɗanda su ne kashi 99 cikin 100 na busasshiyar iska, ba ruwansu da shi. Wani masanin kimiyya, John Tyndall, ya nuna a ɗakin gwaji a Landan a 1859 cewa tururin ruwa da iskar kabon dayoksaid su ne ke shan sa, su mayar da wani kaso ƙasa. Su ne bargon duniya. Ba don su ba, da matsakaicin zafin duniya yana wajen digiri 18 ƙasa da sifili, maimakon wajen 15 da muke da shi. Maganar ɗumamar yanayi da kake ji a rediyo, ƙarin kaurin wannan bargo ne ta ɓangaren kabon, kuma wannan zance ne na wata rana.

Da hunturu an yaye mana bargon. Iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas ta ratso Sahara, babu laima a cikinta, shi ya sa leɓe ke tsagewa, kaushi ya fito, wanki ya bushe kafin ka gama shanya. Da dare hucin ƙasa yana wucewa sama babu mai tare shi. Ga dare ya fi tsawo, ga rana ta karkata kudu, haskenta yana zuwa a kaikaice. Ga kuma iskar kanta daga wurin da ya fi mu sanyi a wannan lokaci take zuwa, domin iska tana jigilar zafi da sanyi a kwance kamar yadda take yi a tsaye. Tun 1735 wani Bature, George Hadley, ya yi bayanin babban zagayen: iska tana tashi a yankin tsakiyar duniya inda zafi ya fi yawa, ta tafi ta sama, ta sauko can nesa, ta dawo ta ƙasa. Saharar tana ƙarƙashin inda take saukowa, jaurarmu kuma hanyar dawowarta ce. Yawancin ƙurar da take kawowa daga kwarin Bodele a Chadi take kwaso ta.

Mutane sukan ce hazo ne ke kawo ɗari. Ina ganin rabin gaskiya ce. Tare suke zuwa, iska ɗaya ce ta ɗauko su, kuma hazo mai kauri yana rage zafin rana sosai. Amma asubar da na fi ganin ma'auni ya faɗi ƙasa ita ce wadda ta biyo daren da sama ta yi tas, taurari suka fito rangaɗau, iska ta kwanta. A irin wannan dare iskar da ke manne da ƙasa takan fi ta samanta sanyi, abin ya juye. Muna da wani ma'auni da muke kwantarwa a kan ciyawa, shi kuwa yakan nuna ƙasa da na cikin akwati da digiri da dama. Mai sanyi tana da nauyi, sai ta gangara kamar ruwa ta taru a kwari, shi ya sa mai lambu a fadama ya fi na kan tudu shan ɗari. Shi ya sa kuma hayaƙin girki da na juji yake kwanciya a kan gari da safe kamar an shimfiɗa shi, don ba shi da hanyar tashi sai rana ta sake kunna murhun.

Daren bazara kishiyar wannan ne. Ka lura, a farkon Maris rana ta fara zafi amma dare yana da dama-dama. Sai wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu barci yake gagara. Abin da ya canja shi ne iskar kudu maso yamma, daga tekun Gini, ta fara kutsowa da laimarta, amma ruwa bai sauka ba tukuna. An mayar da bargon ke nan a kan ƙasar da ta yini tana shan wuta. Hucin yana fita yana dawowa, gumi kuma ya ƙi bushewa don iskar ta riga ta ɗauki ruwa. Sannan ga ɗakin kansa. Bulo da siminti sun yini suna tara zafi, da dare suna juye maka shi, kwanon rufi kuma in babu silin tun da rana ya gama gasa ɗakin da hucinsa. Tsohon soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi jinkirin barin zafi ya ratsa, shi ya sa yake da daɗi da azahar, ko da yake shi ma in an jera kwanaki ana zafi yakan cika ya fara amayarwa, a koma kwana a tsakar gida.

Daga nan za ka iya auna dabarun da mutane ke yi. Yayyafa ruwa a tsakar gida da rataya jiƙaƙƙen zane a taga suna aiki sosai a Maris, su yi rauni in laima ta shigo. Silin da farin fenti a kan kwano suna maganin huci, kuma a ganina sun fi ƙarin fanka amfani, domin fanka ba ta rage zafin ɗaki, gumi kawai take taimaka wa ya bushe. Darbejiya a yammacin ɗaki tana aiki biyu, inuwa da fitar da ruwa ta ganye. In kuwa tsoho ko jariri ya galabaita, ya fara ruɗewa ko jikinsa ya yi zafi babu gumi, wannan ya fita daga fannina, a sanyaya shi a garzaya asibiti.

Ka riƙe adadin digiri 6 da rabi a matsayin matsakaici kawai. Akwai asubar hunturu da wani kwari a Jigawa zai yi kafaɗa da Jos wajen sanyi, saboda juyewar nan da na faɗa. Haka adadin da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, take sanarwa na cikin farin akwati ne a fili, ajinka mai rufin kwano da yara sittin yana da nasa adadin dabam.

In kana son yaran su gani da idonsu, nemo gwangwanayen madara guda uku. Shafa wa ɗaya baƙin tukunya, ɗaya farar ƙasa, na ukun kuma naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Zuba musu ruwa daidai wa daida, ka jera su a rana da hantsi, a riƙa jiƙa tsumman in ya bushe. Kafin a tashi, kira yaron da ya yi tambayar ya fara tsoma yatsa a kowanne, ya faɗa wa aji abin da ya ji.